Faransa: Horon kwana 28 ne ake nema kafin a damƙa wa matashi kula da 'yan makaranta

A yawancin garuruwan Faransa ana tashi daga makarantar firamare da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma, alhali iyaye da dama ba sa barin wurin aiki sai wajen shida. Ranar Laraba kuwa galibin makarantu babu aji. A waɗannan sa'o'i, da kuma lokacin cin abincin rana, yara na hannun wasu ma'aikata dabam da malamansu, waɗanda Faransawa ke kira animateur, a ƙarƙashin ma'aikatar magajin gari ko wata ƙungiya.

Batun ya shafi 'yan Nijar mazauna ƙasar ta fuska biyu: iyaye na barin 'ya'yansu a can, ɗalibai kuma na neman aikin don rage wa kansu nauyin haya da abinci.

Takardar da aka fi shiga aikin da ita ita ce BAFA, wadda aka ƙirƙiro a 1973. Ba a tambayar mutum bakaloriya ko wata difloma kafin ya yi rajista, kuma tun watan Oktoban 2022 aka rage shekarun shiga daga 17 zuwa 16. Horon yana farawa da kwana 8 na koyon tushen aiki: dokoki, tsaron lafiyar yara, yadda ake shirya wasanni da tafiyar da rukuni. Daga nan sai kwana 14 na gwaji a tsakiyar yara, inda shugaban cibiya ke sa ido ya ba da shaida. Zango na ƙarshe kwana 6 ne na zurfafa sani, ko kwana 8 ga mai son ƙwarewa ta musamman, kamar sa ido a wurin iyo. Duka dole a kammala cikin wata 30.

Ƙungiyoyin da gwamnati ta amince da su ne ke ba da horon, irin su CEMEA, Francas da UFCV, kuma ba kyauta ba ne. Kuɗin kan kai ɗaruruwan yuro, wani lokaci har ya kusanci dubu, wato sama da jika 600 na sefa. Asusun tallafin iyali na CAF da wasu ƙananan hukumomi na rage wa matasa wani kaso. Ɗalibi ɗan ƙasar waje mai takardar zama ta karatu yana da izinin aiki har sa'a 964 a shekara, don haka aikin na iya shiga lissafinsa.

Doka ba ta ce kowane ma'aikaci sai yana da takarda ba. Abin da ta ce shi ne aƙalla rabin ma'aikatan cibiya su kasance masu BAFA ko makamanciyarta, waɗanda ba su da horo ko kaɗan kada su wuce kashi 20 cikin ɗari, sauran kuma masu koyon aiki. A ranakun makaranta, ma'aikaci ɗaya na iya riƙe yara 14 masu shekara shida zuwa sama, ko 10 idan ba su kai shida ba. Garin da ya rattaba hannu da gwamnati kan tsarin tarbiyya na yanki ana ba shi damar kai adadin 18 da 14. Duk wanda ya taɓa zama da yara 18 'yan shekara bakwai da suka gaji da aji ya san ba ƙaramin aiki ba ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ita BAFA tun asali ba takardar sana'a ba ce. An yi ta ne don matasa masu ɗan taɓa aikin lokaci zuwa lokaci, musamman a sansanonin hutu. Yau ita ce ke ɗauke da aikin kullum na shekara guda cur, har da kula da yara masu naƙasa ko masu rashin lafiyar da ke buƙatar lura. Akwai diflomomin sana'a irin su BPJEPS, masu ɗaukar watanni da yawa, amma albashi kaɗan da sa'o'in aiki a warwatse, ɗan lokaci da safe, ɗan lokaci da rana, sai kuma yamma, ba sa ƙarfafa wa mutum gwiwar yin dogon karatu. Shi ya sa garuruwa ke kukan ƙarancin ma'aikata.

Kafin mutum ya fara aiki a cibiyar da aka yi wa rajista, hukuma na duba takardar tarihinsa na shari'a da kundin masu laifin lalata. Duk da haka, a 2025 birnin Paris ya dakatar da ma'aikata da dama bisa zargin cin zarafin yara, lamarin da ya sa iyaye suka taso suna neman a sake duba yadda ake ɗauka da horarwa.

Akwai kuma wata kafa da iyaye baƙi ba su cika sani ba. Waɗannan ƙa'idoji sun hau kan cibiyoyin da aka bayyana wa hukumar matasa ta jiha ne kawai. Idan gari ya zaɓi buɗe garderie zalla, wato wurin zaman jiran iyaye ba tare da tsarin tarbiyya ba, ba a tilasta masa adadin yara ko takardar ma'aikaci. Uwa ko uba na da damar zuwa ma'aikatar magajin gari su tambayi wanne ne daga cikin biyun ɗansu yake ciki, da kuma yara nawa ke hannun mutum ɗaya.