Ko Kun Sani? Sharuɗɗan Samun Takardar Zama Ɗan Najeriya

Baƙon da ya zauna a Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jema'a, ba ya samun takardar shaidar zama ɗan ƙasa, wato wadda shugaban ƙasa ke bai wa wanda ba haifaffen Najeriya ba, sai ya cika sharuɗɗan sashe na 27 na kundin tsarin mulkin 1999. Daga cikinsu akwai zaman shekara 15 a ƙasar, da kyawun hali, da rantsuwar biyayya da ke jadawali na 7, wadda ake yi tun kafin a ba da takardar. Sharaɗin da ya fi dacewa da hankali shi ne sai gwamnan jihar, a nan gwamnan Kaduna, ya gamsu cewa al'ummar da mutumin zai zauna cikinta ta karɓe shi, kuma ya saje da rayuwar mutanen yankin, domin maƙwabta da abokan kasuwa su ne suka san halinsa. Ko bayan an miƙa takardar, sashe na 30 ya bai wa shugaban ƙasa ikon janye ta idan aka yanke wa mai ita ɗaurin shekara 3 ko fiye cikin shekara 7 na farko.