Ko Ka Sani? Jirgin da Ya Ƙona Coventry Ya Zo Har Cadi

Mutane da yawa a nan Dakoro suna ɗaukan ruwan bama-bamai na Yaƙin Hitila abu ne da ya tsaya can Turai. To amma akwai jirgin yaƙin Jamus guda da ya ratsa Sahara ya zo har maƙwabtanmu. Sunan samfurinsa Heinkel He 111.

Ya fara tashi a 1935, kuma da rigar farar hula aka fito da shi, aka ce na fasinja ne, domin yarjejeniyar da ta biyo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya ta hana Jamus mallakar jiragen yaƙi. Inji biyu gare shi, hancinsa duk gilashi, a ciki matuƙi da mai saitin bam suke hango ƙasa. Bama-baman kuwa a tsaye ake jera su cikin cikinsa, kai sama, sai an sako su su wuntsila su nufi ƙasa.

Abin farautarsa ba sojan da ke bakin daga ba ne kaɗai. Abin da ke ciyar da yaƙi yake nema: masana'anta, tashar jirgi, ma'ajiyar mai. Daren 14 ga Nuwamba 1940 jiragen Jamus wajen 500 suka afka wa Coventry ta Ingila, garin da ake ƙera injunan jirage da motoci. He 111 ne suka yi jagora. Suna bin siginar rediyo da ake harbo musu daga gaɓar Faransa har ta kai su kan garin cikin dare, suka zuba bama-baman kunna wuta don na baya su ga inda za su saki nasu. Mutane fiye da 500 suka mutu, gidaje dubbai suka rushe. Wannan ne abin da ke ci mini rai game da irin wannan yaƙi: ma'aikaci kusa da wurin aikinsa yake kwana, shi da matarsa da ƴaƴansa, bam kuma ba ya bambance bangon masana'anta da na ɗakin kwana. Masana'antun ma cikin ƴan watanni suka koma aiki.

To me ya kawo shi wajenmu? A lokacin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai bin Jamus, amma Cadi ta bi Janar de Gaulle, mai adawa da Jamus, tun Agusta 1940, ƙarƙashin gwamna Félix Éboué. Ingila na haɗa jiragenta a Takoradi ta Gana, su bi ta Kano da Maiduguri, su sha mai a Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, su wuce Khartum har Alƙahira. Theo Blaich, Bajamushe da ya taɓa yin gonar ayaba a Kamaru, ya ga cewa idan aka ƙona man Fort-Lamy an daki hanyar gaba ɗaya.

A Janairun 1942 shi da ƴan tawagarsa suka taso daga Hun ta Libiya da He 111 ɗaya tal, suka ƙara mai a wani ƙaramin fili na Italiyawa cikin hamada, suka iso Fort-Lamy ba zato ba tsammani. Bam 16 suka saki, kowane kilo 50. An ƙiyasta man da ya ƙone ya kai galan 80,000.

Duk direban da ke shiga arewa daga nan ya san lissafin mai a hamada lissafin rai ne. A hanyar komawa man jirgin ya ƙare, dole suka sauka cikin rairayi. Kusan mako guda suna can da ɗan ruwan da suka rage, kafin wani jirgin leƙen asiri na Italiya ya hango su. Daga baya jirgin dakon kaya na Jamus ya kawo musu mai, He 111 ɗin ya sake tashi ya koma sansaninsa.