Shan taba a Kiristanci

Shan taba mas'ala ce da ɗarikun Kirista suka saɓa a kanta, domin Littafi Mai Tsarki bai ambaci taba ba. Sai bayan shekarar 1492 ganyen ya isa Turai daga nahiyar Amurka.

Masu ɗaukarsa zunubi suna kafa hujja da 1 Korintiyawa 6:19, inda aka kira jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki. Cocin Adventist ya hana mabiyansa shan taba kwata-kwata.

Cocin Katolika kuwa, wanda mabiyansa na Dutse da sauran Jigawa ke ƙarƙashin dayosis ɗin Kano, wuce kima ya hana. Duk da haka, Fafaroma Francis ya dakatar da sayar da sigari a Vatican tun 2018, saboda illarta ga lafiya.