Uwargida, Ina Ruwan Motar Gidanku Ke Tafiya?

'Yan'uwana mata, a gidaje da yawa akwai tsohuwar mota wadda maigida ke ɗura wa ruwa kowace safiya kamar mai ban-ruwan lambu, har kowa ya saba, ba mai tambaya. To, ya kamata a tambaya. Mota mai lafiya takan yi watanni ba a ƙara mata ruwa ba, gama ruwan a rufe yake zagayawa: famfo ya tura shi cikin inji ya kwaso zafi, ya bi tiyo zuwa lagireto, iska ta fifita shi, sa'an nan ya koma. In kuwa yana raguwa, lalle akwai inda yake fita. Ke ce kika fi kowa damar ganewa, tun da ke ke ganin inda motar ta kwana in an zo shara.

Ga dabara mai sauƙi. Da dare ki shimfiɗa kwali a ƙarƙashin gaban motar, da safe ki duba. In kin ga ɗigo kore ko ja-ja, mai santsi a yatsa, mai ɗan ƙanshin zaƙi, wannan ruwan lagireto ne irin na kanti. In ruwan famfo kuke zubawa, za ki gan shi da launin tsatsa. Wurin da ya ɗiga shi zai nuna miki mai laifin. Can gaba, lagireto ne ko tiyo. Kusa da fanbel, famfon ruwa ne. Tun inji na da sanyi ki matsa tiyon da hannu. Wanda ya yi laushi kamar dafaffen rogo, ko ya bushe yana tsattsagewa, kwanansa ya ƙare. Ruwa garai da ke zuba bayan an kunna na'urar sanyaya mota kuwa ba ciwo ba ne, raɓa ce kawai.

Wanda ya fi ban tsoro shi ne ruwa ya riƙa ƙarewa alhali kwali a bushe. Wani lokaci murfin lagireto ne ya gaji, abin da kuɗi kaɗan ke sayowa. Kada ki raina murfin nan. Kin san ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, amma murfin mota yana danne shi har ya kai wajen digiri 120 bai tafasa ba. In robarsa ta mutu, sai ruwan ya riƙa sulalewa a tururi. In ba murfi ba ne, to, zaro sandar gwada baƙin mai. Kika ga man ya koma kamar shayi da madara, ko farin hayaƙi na ta fita ta salansa bayan inji ya ɗumama, ko ruwan lagireto na ta kumfa, watau gasket ɗin kan inji ya ƙone, ruwa na shiga inda bai kamata ba. Wannan mota gareji za ta, ba biki ba, ko da na ƙanwarki ne.

Ki kuma lura da lokacin da allurar zafi ke hawa, domin bakanike zai ji daɗin labarin. In a cunkoson gari take hawa, ta sauka da an kama hanya, fanka ce ba ta aiki ko fanbel ya saki. In sai an miƙe hanya ana gudu, yawanci lagireto ne ya toshe. Ƙurar hunturu da ƙaiƙayi suna cushe shi daga waje, ruwan rijiya kuma na bar masa farin gasari daga ciki, irin wanda kike kankarewa a gindin butar shayi. Motoci irin Peugeot 504, waɗanda aka fara haɗa Peugeot a Kaduna a 1975 suka cika ƙasa, sun sha ruwan rijiya shekara da shekaru, ga zafin bazara da kan wuce digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri. Ba mamaki su tafasa. Wasu bakanikai da sun ji an ce zafi sai su cire tamostat su yar, watau ɗan ƙyauren da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗumama. A ganina wannan ƙeta ce ga mai mota: ciwon na nan, ga shan mai ya ƙaru. In ya lalace a sa sabo. Haka masu fasa ɗanyen ƙwai ko zuba barkono cikin lagireto wai don toshe huda. Har hanyoyin ruwan suke toshewa.

Yanzu ga abin da nake so ku 'yan makaranta ku riƙe, ku gaya wa na gida. In allura ta kai ja kuna cikin tafiya, a ratse gefe a kashe inji. Kada kowa ya taɓa murfin lagireto. Ruwan da ke ciki ya fi tafasasshe zafi, kuma a danne yake. Da an murɗa murfin sai ya yi tsiri ya wanke fuska da hannu. Ko direba ya cika baki ya ce ya saba, ki janye yara nesa, ki ce a jira. A ba shi aƙalla rabin sa'a, sa'an nan a rufa tsumma mai kauri a murɗa a hankali, fuska na gefe. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi, gama ƙarfe ma na tsagewa kamar tangaran. In tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a yi ta zuba wa wurin ruwa mai sanyi mai tsabta har minti 20, ban da manja, ban da man goge baki, kana a nufi asibiti.

Ruwan lagireto na kanti ya fi na rijiya nesa, don yana hana tsatsa, amma guba ne, ga zaƙi, ga launi kamar lemon kwalba. Kada a juye ragowarsa cikin robar ruwan sha. A ajiye shi a jarkarsa, can sama inda kike ɓoye maganin ɓera, in ya zube a tsakar gida kuma a rufe da ƙasa a kwashe kafin yara ko kaji su iso.