Labaran almara da na kimiyya: Abin da ya kamata ku sani game da littattafan da ake yayi

A ƙasashen Turai da Amurka, littattafan almara da ƙagaggun labaran kimiyya na cikin waɗanda suka fi kasuwa a 'yan shekarun nan. A da, marubutan Ingila da Amurka ne suka kankane fagen. Yanzu kuwa masu karatu sun fara juyawa zuwa China da Afirka ma, kuma mata sun yi yawa a cikin marubuta da masu saye.

Mene ne bambancinsu?

Labarin almara yana tafiya ne da tsafi da aljanu da dodanni, ba ruwan marubuci da bayanin yadda abu ya yiwu. Labarin kimiyya kuwa yana ɗaukar abin da ilimi ya tabbatar ko yake hasashe, ya tambayi abin da zai faru idan aka ci gaba a haka. Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, ya san na farko. Na biyun kuma shi ne irin Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo na 1969, inda aka yi yawo da wani yaro a sararin samaniya.

Soyayya ta shiga almara

Abin da ya fi tashe yanzu shi ne labarin soyayya da aka cakuɗa da tsafi da yaƙi. Rebecca Yarros, 'yar Amurka, ta fitar da Fourth Wing a 2023, labarin wata budurwa mai raunin jiki da aka tilasta wa shiga makarantar soja inda ake koyon hawan dodanni masu fuka-fuki da aman wuta. Littafi na uku a jerin, Onyx Storm, ya fito a Janairun 2025, aka sayar da fiye da kwafi miliyan biyu a makon farko. Matasan da ke tallata abin da suka karanta a TikTok su ne suka ɗaga irin waɗannan littattafai. Sai dai akwai batsa a fili a cikinsu, don manya aka rubuta su.

Fim na farfaɗo da tsofaffi

Dune na Frank Herbert ya fito tun 1965, amma finafinan 2021 da 2024 sun sa sabbin masu karatu neman sa. Labarin ya faru ne a Arrakis, wata duniya da babu komai sai rairayi. Ruwa ya yi tsadar da mutanenta ke sanya wata riga mai tara gumin jiki ta tace shi, su sake sha ta wani ɗan bututu kusa da baki. Idan mutum ya mutu, sai a tatse ruwan jikinsa a mayar wa ƙabilarsa. Herbert ya ɗebi kalmomi da yawa daga Larabci, har da batun Mahadi da ake jira.

Littafin da ya fito daga China

Liu Cixin injiniyan kwamfuta ne a wata tashar wutar lantarki a lardin Shanxi lokacin da ya rubuta The Three-Body Problem. An buga shi a China a 2008, Ken Liu ya fassara shi zuwa Turanci a 2014, littafin ya ci kyautar Hugo ta labaran almara da na kimiyya a 2015. Shi ne littafin fassara na farko da ya ci wannan kyauta. Labarin ya fara da Ye Wenjie, wadda aka kashe mahaifinta a gabanta a zamanin Juyin Al'adu na Mao, shugaban China na lokacin. Da ta fid da rai daga ɗan Adam, sai ta aika saƙo ga wasu halittu da ke zaune a duniya mai rana uku, ta gayyace su. Jiragensu za su yi fiye da shekara 400 a hanya, don haka tambayar littafin ita ce: me mutane za su yi da wannan wa'adi? Netflix ta mayar da shi fim mai dogon zango a 2024.

Ina Afirka?

Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Ibo ne, ta ci Hugo a 2016 da Binti, labarin wata yarinya 'yar ƙabilar Himba ta Namibiya da ta tafi jami'a a wata duniya, ɗauke da jar ƙasar da take shafawa a jiki da gashi. Wani littafin nata, The Shadow Speaker na 2007, a Nijar ta kafa shi, a shekarar 2070. Ita kuwa Tomi Adeyemi daga al'adun Yarabawa ta gina Children of Blood and Bone a 2018.

Da wanne za a fara?

Kusan dukkansu da Turanci ake samunsu, a takarda ko a waya. Mai son abu gajere ya fara da Binti, ana gama shi a zama ɗaya. Mai son zurfin tunani ya nemi na Liu Cixin. Iyaye kuma su duba abin da littafi ya ƙunsa kafin su miƙa wa yaro, domin hoton dodo a bango ba ya nufin na yara ne.