2.4 Allurar Verapamil da Haɗarinta

Verapamil magani ne da ke toshe hanyoyin da sinadarin kalsiyam yake bi ya shiga tsokar zuciya. Ta haka ne yake rage bugun da ya wuce kima, musamman wanda ke tasowa daga ɗakunan zuciya na sama. Akan ɗura miligiram 5 zuwa 10 ta jijiya a hankali, likita yana duba na'urar auna bugun zuciya, domin allurar tana iya sa jini ya faɗi, ko zuciya ta tsaya. Ke nan ba allurar kemis ba ce. Wannan ya nuna muhimmancin rufe shagunan magani da hukumar NAFDAC ta yi a Sabon Gari, ƙaramar hukumar Fagge, a 2024, domin dillalai su koma Dangwauro, inda za a sa musu ido.