Nana ko Inna?

A hutun da ya wuce aka yi haihuwa a gidanmu a Sabon Birnin Gobir. Matar wana ta sami ɗiya mace ranar Alhamis da asuba. Murna ba a magana, domin ita ce jikar fari a ɗakin mahaifiyarmu. Amma tun ba a yi kwana uku ba sai gardama ta tashi a kan sunan da za a riƙa kiranta da shi, kuma a ƙarshe ni aka ɗora wa nauyin raba gardamar. Abin da ya sa na ga ya kamata in ba 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu labari ke nan, ko wani zai ƙaru.

Da farko ya kamata a san cewa Bahaushe ba ya rasa suna biyu ko uku. Akwai sunan yanka, watau wanda liman ke raɗawa ranar bakwai, a yanka rago, a raba goro. Akwai sunan rana, kamar Ladi da Talatu da Jummai da Asabe, wadda aka haifa ranar Alhamis kuwa a ce mata Lami. Akwai kuma laƙabin da ke bin sunan yanka, kamar Kulu ga Hauwa'u, da Dije ga Hadiza, da Abu ga Zainabu. Sau da yawa laƙabi shi ke danne sunan yanka, har mace ta tsufa maƙwabta ba su san sunanta na gaskiya ba.

To, sunan yanka bai ba mu wahala ba. Wana ya ce sunan mahaifiyarmu za a mayar. Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba saboda kunya, sai dai in ce sunan Uwar Muminai ne, ɗiyar Sayyidina Abubakar. A nan matsalar take. Wana ba zai iya buɗe baki ya kira sunan mahaifiyarsa ba, balle matarsa, wadda sunan surukarta ne. Saboda haka tilas a nemi sunan alkunya. Kakarmu ta wajen uba ta ce Inna za a ce mata. Dangin mai jego, waɗanda suka zo daga Isa, suka ce su Nana suke so. Kowa ya kafe a kan nasa. Da mahaifinmu ya ga abin zai kai ga ɓacin rai, sai ya kira ni ya ce, "Ke ce gwaggonta, kuma ke ce 'yar makaranta. Ki yi tunani, kafin ranar suna ki gaya mana."

Wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba. Sunayen nan biyu kowanne gaɓa biyu ne, harafi huɗu, yaro mai koyon magana ma zai iya faɗinsu. Amma kowanne akwai tarihi a bayansa, kuma abin da malamarmu ta tarihi ta koya mana a aji huɗu shi ya riƙa dawo mini.

Inna dai a bakinmu uwa ke nan. Amma a ƙasar Gobir Inna sarauta ce babba. Tun zamanin da Gobirawa ke zaune a Alƙalawa, birnin da Sarkin Gobir Babari ya kafa a tsakiyar ƙarni na 18, wanda kufansa ke nan ba nisa da garinmu, akan naɗa wata daga cikin matan gidan sarauta a matsayin Innar Gobir. Ita ce shugabar mata, 'yan bori suna ƙarƙashinta, kuma maganarta tana da nauyi a fada. Bayan Alƙalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa, Gobirawan da suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, a ƙasar Nijar ta yanzu, sun tafi da wannan sarauta. Don haka in kakarmu ta ce Inna, ba uwa kaɗai take nufi ba, tana tuna asalinta ne.

Nana kuwa suna ne na girmamawa da akan haɗa da sunayen mata masu daraja a Musulunci, shi ya sa ake cewa Nana Faɗima da Nana Hadiza. A ƙasar Sakkwato in an ce Nana, wadda ke fara zuwa rai ita ce Nana Asma'u, ɗiyar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. An haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ke nan lokacin da aka ci Alƙalawa shekarunta 15, ba ta ma kai ni ba. Ta yi rubuce-rubuce da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ita ta kafa 'Yan Taru domin ilmantar da matan ƙauyuka.

Da na jera su haka sai na tsorata. Na ga kamar in na ce Inna na bi Gobir, in na ce Nana na bi Sakkwato, watau in tayar da yaƙin da aka gama tun shekara fiye da 200, a kan jaririyar da ko cibiyarta ba ta faɗi ba. Can sai na tuna da wani abin da malamarmu ta faɗa. Nana Asma'u takan zaɓi dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malafa, ta naɗe da jan rawani, ita kuma ta riƙa kawo mata mata su ɗauki karatu su koma garuruwansu su koyar. Masana tarihi sun nuna cewa malafar nan tun asali alamar Innar Gobir ce. Ashe Nana ba ta raina abin da matan Gobir suka sani ba, ɗaukarsa ta yi ta mai da shi alamar ilmi. Da na gane haka sai hankalina ya kwanta, domin sunayen biyu ba abokan gaba ba ne.

Da yake duka biyun suna da kyau, sai abin ya koma ga son raina, kuma ba zan ɓoye ba. Na farko, a gidanmu akwai Inna har uku, in ka ƙwala kira kai uku ne za su waiwayo. Na biyu, ina so ranar da yarinyar nan za ta tambaye ni mai sunanta, in ba ta labarin macen da ta riƙe alƙalami, domin a ƙauyukanmu har yanzu akwai 'yan mata da yawa da ba su ga ƙofar aji ba, ga kuma rashin tsaron da ya ƙara tsare wasu a gida. Na uku, wanda shi ne gaskiyar magana, Nana ya fi mini daɗi a baki. In na ɗauke ta ina rarrashi, shi ke fitowa da kansa.

Kafin in gaya wa mahaifinmu sai na fara zuwa ɗakin kakarmu, na durƙusa, na ba ta labarin malafa tun daga farko har ƙarshe. Ta yi shiru, kana ta ce, "To, na ji. Ku ce mata Nana. Amma ni wagga ɗiya Inna ce a ɗakina har in mutu." Na ce, "Kaka, ai ɗakinki naki ne." Haka kuwa aka yi. Ranar suna aka yanka rago, wanzami ya yi aski, mutanen Isa suka koma gida da farin ciki. Mahaifiyarmu kuwa ba ta bi kowa ba, Takwara take ce mata.

Shawarata ga 'yan'uwana ita ce, in aka ba ka zaɓin suna, ba laifi ba ne ka bi wanda ranka ya fi so. Sai dai ka fara sanin ma'anarsa da asalinsa, ka kuma je da kanka wurin wanda ba a ɗauki nasa ba, ka yi masa bayani da ladabi. Rigar da ba ta yi ba akan canja ta, amma suna in ya kama ya kama ke nan. Allah ya raya Nana, ya sa ta yi karatun da ya fi nawa, amin.